Gurbin Baƙo

Dokar da ta shiga tsakanina da Yaya ba ta kai layi biyu ba. Cewa ta yi kowane kulob yana da damar yi wa baƙo ɗaya rajista a kakar wasa. Ɗaya tak, mu kuwa mu biyu ne.

Yaya ba yayana ne na jini ba. Shi mutumin Zariya ne, ni daga Mafara na fito. Amma shi ya je ya tarbo ni a filin jirgi ranar da na sauka Alƙahira ban san gabas ba balle yamma. Shi ya samo mini wurin shimfiɗa katifa a gidan da ɗalibanmu suke haya a unguwar Abbasiya, shi ya kai ni layin neman iƙama, takardar izinin zama, ya tsaya tare da ni har ƙafafunmu suka yi tsami. Ya koya mini yadda ake yi wa direban bas ihu, da yadda ake cin wake safe da yamma ba tare da an yi wa Allah butulci ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya kuma daɗe a jami'a fiye da kima, saboda wata jarrabawa da ta riƙe masa wuya tana mayar da shi baya duk shekara. Ba mai ɗaga wannan magana a gabansa. Kowa a gidan Yaya yake ce masa, ni ma na bi sahu.

Shekarun da suka biyo bayan 2011 gari bai zauna ba. Yau a buɗe jami'a, gobe a rufe, jibi a ce kowa ya shige gida da wuri. Manyanmu sun ja mana kunne kada a ga ƙeyar baƙo kusa da taro, ko da na raɗin suna ne. Zaman ɗaki ya ishe mu, mun karanta abin karantawa, mun yi gardamar da za a yi har ta ƙare. Wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya da shi, mutum mai ƙafar yawo, shi ya dawo wata rana ya ce ya ga abin dariya a wata cibiyar matasa da ke Madinat Nasr: ƙatti da gemu suna jifan juna da ƙwallo kamar 'yan firamare.

Muka je kallo. Dojbol suke ce wa wasan. Mutum shida nan, shida can, layi a tsakiya, ƙwallaye masu laushi suna ta shawagi. Ka jefi abokin hamayya, in ta taɓa shi ta faɗi ƙasa ya fita. In ya cafe, kai ne ka fita, kuma ɗaya daga cikin mutanensa da aka fitar ya dawo. Wanda aka share masa mutane ya sha kashi. Ɗan Maraɗi ya yi dariyarsa ya ƙoshi ya ce ba da shi ba. Ni ma dariyar nake yi har aka miƙo mini ƙwallo.

A fadamar shinkafa na tashi, ina korar janbaki da hoge tun hantsi har la'asar. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin iya wani abu ba, wahala ce kawai da aka ɗora wa yara. Jifana na farko a zauren nan ya sami wani ƙato a cinya, ƙarar ta cika wurin. Kocinsu, wani gajeren malamin motsa jiki da kowa ke ce wa Kabtin, ya cire usur daga baki ya dube ni daga sama har ƙasa. Kafin mako ya zagayo sun sa mini suna Madfa, wato igwa. Ba zan yi ƙarya ba, sunan ya shiga kaina. A garin da yara ke bin mu da tsokana a titi saboda launin fatarmu, na sami wurin da in na shigo ake tafi.

Yaya ya fara bina ne don ya sa mini ido, kada in faɗa hannun abokan banza. Daga zama a benci ya koma riƙe mana ruwa, daga nan ya sayi takalmi. Yana da hannun cafiya in ƙwallon ta zo masa daidai ƙirji, wannan ba zan hana shi ba. Amma nauyin jiki gare shi, jifansa kuwa kamar mai miƙa wa yaro lemo. Masarawan suna son sa saboda barkwancinsa da iya Larabcin titi. Muka zama baƙi biyu a cikinsu, kuma ba wanda ya damu da lissafin, don a lokacin wasa ne kawai.

Sai aka ce za a kafa gasa ta ƙasa. Kabtin ya yi ta zirga-zirga zuwa wani ofis a Zamalek inda kwamiti ke zama, yana dawowa da gumi da labari. Ranar da aka gama tsara komai ya zaunar da mu a ƙasan zaure ya yi mana bayani. An raba ƙasar shiyya-shiyya don kada kuɗin mota ya kashe ƙananan kulob: mu da na Giza rukuni ɗaya, na bakin teku nasu daban, na garuruwan Delta nasu daban. Ba a zuwa gidan kowa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci duk kulob ɗin rukuni za su haɗu a zaure ɗaya, a yi ta karawa har yamma, a tara maki. Waɗanda suka zo kan gaba a kowace shiyya su za su haɗu a Iskandariyya a ƙarshen kaka a fitar da zakara. Alƙalai na kwamiti ne. Masu tsintar ƙwallon da ta fita fili kuwa, kowane kulob ya zo da nasa. Kowane ɗan wasa sai da kati mai hoto, kuma da zarar an busa wasan farko an rufe rajista, ba za a sake buɗewa ba sai ɗan taƙin hutun tsakiyar shekara. Ko a lokacin ma ba a cire sunan ɗan wasa sai ya sa hannu da kansa, don kada masu kulob su riƙa wasa da mutane.

Duk wannan na ji shi da kunne ɗaya. Sai ya zo kan maganar baƙi. Ya ce manufar gasar ita ce a samo 'yan ƙasa da za su wakilci Masar, saboda haka baƙo ɗaya aka yarda. Ya juyo ya nuna ni da usur.

"Ya Madfa, gurbin naka ne. Gobe ka kawo hoto da fasfo."

Yaya yana zaune kusa da ni, kafaɗarmu tana gugar juna.

A gidanmu, in aka miƙo maka abu a gaban babba, ba ka kai hannu. Kara kake yi masa, ka ce a ba shi. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya yi maka albarka, ɗauki abinka. Ka sake turawa, ya rantse, sannan ka ɗauka. Kowa ya tashi da mutuncinsa, abu kuma ya koma hannun mai shi. Haka aka yi mana a kan tsokar nama, haka aka yi a kan kujerar gaba a mota. Ban yi tunani ba ma, bakina ne ya yi aikinsa.

"Kabtin, ga yayana nan. Shi ya fi cancanta."

Kabtin ya ɗaure fuska. "Ka tabbata?"

"Na tabbata," na ce, ina kallon Yaya ta wutsiyar ido, ina jiran nasa kason.

Yaya yana gyara igiyar takalminsa. Ya ɗaure ta, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Can ya ɗago ya ce, "To. Allah ya saka da alheri, ƙanena."

Ba wai Masarawa ba su san tayi ba. Direban tasi zai ce maka ka bar kuɗin kawai alhali hannunsa na miƙe. Amma Kabtin yana da takardun da zai kai Zamalek, kuma ya ɗauka wata magana ce ta cikin gida da muka riga muka gama. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya wuce kan maganar riguna.

A hanyar komawa gida na yi ta jira. Na ce a raina bai so ya kunyata ni a gaban mutane ba ne, in mun keɓe zai ce in kai hotona. Muka keɓe, ya yi mini hirar tsadar tumatir. Washegari da safe na same shi yana goge riga. Ya tambaye ni, wai a hoton kati murmushi ya fi ko ɗaure fuska.

Na ce masa murmushi.

Doka ba ta tambayi ƙasar mai tsintar ƙwallo ba, don haka Kabtin ya ba ni wannan aikin. Duk Juma'ar gasa ina tsaye a bayan layi da wata shuɗiyar riga marar lamba, in ƙwallo ta fita in bi ta da gudu in dawo da ita. A ranakun atisaye kuma ni ake sa wa in yi ta jifan 'yan wasanmu don su saba da zafin hannu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Har 'yan wasu kulob sun san ni, in suna ɗumama jiki sai su ce in jefa musu biyu-uku. Wani kocinsu ya taɓa tambayata me ya sa ba na cikin fili. Na ce masa rauni gare ni a gwiwa, don gaskiyar ta fi ƙarfin Larabcina.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne labarin ya bazu cikin ɗalibanmu. A wata majalisa da muke yi bayan la'asar, wani ustazu ya kafa misali da ni a kan isari, fifita ɗan'uwa a kan kai. Ya jawo ayoyi, ya jawo tarihin magabata, ya ce ga shi a zamaninmu Allah ya nuna mana a kan ɗan ƙaramin abu kamar wasa. Aka yi ta masha Allah, ana dafa kafaɗata. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne. Ni kuwa ji nake kamar in tashi in kife tiren shayin da ke gabansu. Bayan wannan majalisa ta ina zan buɗe baki in ce wasa nake yi?

Rabin kaka ya wuce muna tsakiyar tebur, ba yabo ba fallasa. Yaya yakan shiga fili, ya cafe ɗaya ko biyu, a fitar da shi. Na ƙirga a raina wasannin da jifa ɗaya mai kyau zai juya su, na daina ƙirgawa don yana hana ni cin abinci. Da hutun tsakiyar shekara ya zo aka buɗe rajista, Kabtin ya ja ni gefe.

"Ina buƙatar hannunka, wallahi. Amma ba zan iya cire shi ba sai ya sa hannu. Ku kuka ƙulla, ku kwance. Kwana kaɗan gare mu."

Ƙarami ba ya tunkarar babba da irin wannan magana baki da baki. Na yi abin da aka saba, na aiki ɗan Maraɗi. Na ce ya bi a hankali, ya nuna kamar daga gare shi tunanin ya fito. Ya tafi, na zauna a ɗaki ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa daga kicin. Da ya dawo bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mi ya ce?" na tambaye shi.

"Wallahi na hwaɗa mishi. Ya ce kai ka ba shi gaban jama'a. In ya maido maka, kamar ya rena kyautarka ne." Sannan ya ƙara, "Kuma ya ce ba ya son ya ɓata maka lada. Wai ka yi haƙuri, baɗi in Allah ya kai mu naka ne."

Lada. Na maimaita kalmar har ta daina yi mini ma'ana. Ni da ban nemi ladan ba, an ɗaure mini shi a wuya, an kuma ce don ƙaunata ne ba za a kwance ba. Aka rufe rajista.

Ba mu yi faɗa ba, da ma mun yi. A tire ɗaya muka ci gaba da cin abinci, ina gaishe shi da safe yana amsawa. In zai fita ya tambaye ni ko ina da saƙo. Kwamitin da ya kafa dokar ban taɓa jin haushinsa ba, ƙasarsu ce, wasansu ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce, kuma da Yaya marar kunya ne da na sami sauƙi, da na zage shi a raina na huta. Amma mutumin da ya tsaya mini a layin iƙama ne. Ina kuma ganin yadda gasar ta canza shi. Mutumin da a da sai an yi da gaske yake tashi bayan asuba, yanzu shi ke hawa da sauka a matakalar bene yana haki. Ya ɗauki hoto da rigar kulob ya aika gida. Na ji shi a waya yana gaya wa mahaifiyarsa cewa an zaɓe shi a gasar ƙasa. Shekara da shekaru ba shi da wani labari mai daɗi da zai aika Zariya. Na gane wannan sarai, kuma ganewar ba ta rage mini komai ba.

Ana saura 'yan makonni a gama wasannin rukuni Kabtin ya dawo daga Zamalek da sabon labari. Kwamiti ya yanke cewa daga kaka mai zuwa babu gurbin baƙo kwata-kwata, tunda daga gasar za a riƙa ɗibar 'yan wasan ƙasa. A gaban kowa ya faɗa, sannan ya zo ya dafa ni.

"Ma'alish, ya Madfa."

Ma'alish ɗin nan ita ce maganin komai a Masar, daga taka ƙafa har rushewar gida. Na ce ba komai. Yaya yana can gefe yana shan ruwa, bai juyo ba. Baɗin da aka yi mini alkawari ya mutu tun bai zo ba, kuma duk wanda ke zauren ya san haka.

Juma'ar ƙarshe ta zo mana da lissafi mai sauƙi. In muka ci wasanmu na ƙarshe za mu Iskandariyya, in aka cinye mu kaka ta ƙare. Da wani kulob na Giza muka haɗu. Aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har zagayen da zai raba gardama. Suna da wayo, sun san hannun da za su ji tsoro, don haka suka bi masu jifanmu ɗaya bayan ɗaya suka fitar, suka bar Yaya don sun san ba zai cuce su ba. Su ma an ci musu mutane. Da ƙura ta lafa, mutum biyu suka rage a fili: Yaya, da wani siririn yaro dogo na Giza.

Na daɗe ina kallon yaron nan daga bayan layi. Da ka ɗaga hannu yake tsalle, kullum, ba ya jira. Wanda ya yi kamar zai jefa, ya bari ya sauka, ya same shi a sama da gwiwa kafin ya daidaita. Yaron ya jefi Yaya ya kuskure, ƙwallon ta wuce ta bugi bango ta gangaro wurina. Na ɗauka. Ta zauna mini a hannu daidai, yatsuna sun san inda za su kama. Tsakanina da yaron bai fi nisan da nake kai hoge ba ina ɗan shekara goma. 'Yan benci suna ihu, Kabtin yana ihu, alƙali yana nuna mini in miƙa.

Na miƙa wa Yaya ta saman layi. Na ce masa da Hausa, "Yi kamar za ka jefa. Jira ya sauka."

Ya yi yadda na ce, ba zan zalunce shi ba. Ya ɗaga hannu, yaron ya yi tsalle, ya jira, ya saki a daidai lokacin da ya kamata. Ƙwallon ce ba ta da rai. Ta tafi a hankali har yaron ya sauka, ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannu ya karɓe ta kamar an miƙo masa burodi. Aka busa usur.

Daɗi na ji. Kulob ɗina ne aka fitar, mutanen da na yi shekaru ina gumi tare da su suna zaune dafe da kai, ni kuwa wani sanyi ya sauko mini a ƙirji. Wannan ne kaɗai daɗin da na samu a gasar ƙasa ta Masar, kuma har yau in na tuna shi sai bakina ya yi ɗaci. Na tattara ƙwallaye na zuba a raga na miƙa wa Kabtin.

A ƙaramar bas muka koma Abbasiya, mu biyu a kujerar baya, rana tana shirin faɗuwa. Bai cire rigar kulob ba, gumi ya bushe a jikinta. Sai da muka kusa unguwa ya yi magana, yana kallon taga.

"Ƙanena, da kai ne, da ka same shi?"

Na san amsar da ta dace. Haba Yaya, ai sa'a ce, kowa ma zai iya kuskurewa. Tana bakina, a shirye.

"Da na same shi," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Tun ranar da ka ce a ba ni na san ba da gaske kake ba."

Na jira ya ƙara wani abu. Ya ɗaga murya ya ce wa direba ya sauke mu a gefe. Muka sauka, ya tsaya wurin mai burodi ya sayi na gida kamar kullum, ya juyo da ledar a hannu yana miƙo mini. Na sa hannuwana a aljihu na yi gaba.